Barka da Shan Ruwa, Manu

Daga ƙasan rijiya sama ba ta fi faifai girma ba. Manu ya fi kowa sanin haka a ƙasar Gwaram, don shekara goma sha biyu ya yi yana kallon duniya ta wannan 'yar kafa. Shaho ya gifta. Gajimare ya leƙo, ya ga ba kowa sai mutum ɗaya tsugune cikin taɓo, ya wuce abinsa. Can sai kan Maikuɗi, mai riƙe masa igiya, ya toshe rabin hasken.

“Ɗan Fillo, kana nan, ko in je in ce wa Hajjo ta fara takaba?”

“Riƙe igiya, bawana. Surutu ba ya cikin aikinka.”

Manu Mai Rijiya ake ce masa. Daga Farin Dutse har Kiyako, in aka ambaci sunansa sai an ƙara da cewa bawan Allah ne: mutumin da yake shiga rijiyar mutane da azumi a bakinsa, rana tsaka, ya yashe ta tas, ya fito bai karɓi ko goro ba. Abin da ba a ƙarawa shi ne abin da yake yi da zarar ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Yakan durƙusa, ya kafa baki cikin ruwan kamar ɗan maraƙi, ya sha, ya sha, har haƙarƙarinsa ya yi ciwo.

Ba da dagin haƙa ya tashi ba, da sandar kiwo ya tashi. Maraya ne, a hannun ƙanen mahaifinsa ya girma, Baffa Buba, mai garke da gona a bayan Farin Dutse, irin Fulanin da suka daɗe da zama har Fulatancin ya rage musu na kiran saniya da na zagi. Yana ɗan shekara goma sha tara wani farin bijimi ya ɗauke shi ya maka da dutse. Kwana uku bai san wanda ke kansa ba. Ran na huɗu ya buɗe ido ya ce ruwa. Aka ba shi ƙoƙo ya shanye, aka ba shi ƙwarya ya shanye, mata suka yi guɗa, wai rai ya dawo.

Ran ya dawo, amma ba shi kaɗai ba. Ƙishirwa ta biyo shi, ta shimfiɗa tabarma a maƙogwaronsa ta zauna. Tulu biyu ba sa kai shi yamma. Ruwan kuma ba ya tsayawa. Yadda ya shiga fari tas haka yake fita fari tas, kamar jikin nasa hanya ce kawai. In barci ya ɗauke shi sai ya ga kogi yana tahowa a tsaye, dogo, da riga har ƙasa, yana kiransa da sunan ƙuruciya, in ya kai hannu rigar ta zama yashi. Aka ce mutanen ruwa ne suka shafe shi. Aka yi hayaƙi, aka jiƙa saiwa. Malamai kuwa har yaba imaninsa suke yi, don ba su taɓa ganin mai shanye rubutu yana miƙo ƙoƙo a ƙara masa ba.

Bayan shekara guda Manu ya ce ya warke.

Saboda Hajjo ya faɗi haka. 'Yar Baffa ce, tun suna yara ake tsokanarsu da juna, ita ma ba ta taɓa cewa a daina ba. Amma ya ji da kunnensa wata goggonsu tana cewa ba a ɗaura wa yarinya aure da randa. Sai ya koyi ɓoye gora cikin riga, ya haddace kowane tafki da kowane kududdufi, ya iya haɗiyar ruwa yana tafe ba tare da wuyansa ya motsa sosai ba. A gidansu namiji ba ya nuna yunwa, ba ya nuna ƙishirwa. Fulako ke nan, kunyar da suka sha a nono. Ranar da aka ɗaura auren kuma Baffa ya tashi daga baffa ya zama suruki, wanda ba a ci ba a sha a gabansa. Gidan na zana ne, randuna a tsakar gida, idon mata a kansu wuni zubur.

Azumin farko bayan auren ya faɗo cikin bazara. Wanda ya ce ya warke ba shi da uzuri. Manu ya yi sahur da ruwa har cikinsa yana ƙara, kafin hantsi duk ya zubar a bayan gari. Da azahar harshensa ya zama kamar guntun fata. Yana zaune gindin tsamiya cikin maza, yana ganin bakunansu suna motsi, maganar tana iso masa daga nesa. Sai ga Baffa Buba da guntuwar igiya a hannu. Igiya ta tsinke, guga ya faɗa rijiya, an nemi ƙugiyar da ake ciro guga da ita an rasa.

“Ni zan shiga, Baffa,” in ji Manu, tun bai san ya faɗa ba.

Maikuɗi ne ya ɗaura masa igiya a ƙugu. Maƙwabcinsu ne, manomi, jikan Barebari, wanda duk arzikinsa ya ƙare a sunan. Tsakaninsa da Manu akwai wasan nan na Barebari da Fulani, kowa yana cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Aka fara zura shi. Sanyi ya kama shi daga tafin ƙafa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar laka ya cika masa hanci, muryoyin mutane suka yi sama suka bar shi. Bai yi niyya ba. Haka dai ya riƙa gaya wa kansa daga baya: gwiwarsa ce ta durƙusa, shi bai ce mata ba.

Aka jawo shi da guga a hannu, ido ya washe, dattawa suna sa masa albarka. Kashegari gugan wata mata mai suna Barira ya faɗa tata rijiyar. Jibi wani ya ce tasa tana son yasa. Har watan ya ƙare ba a yi ranar da Manu bai sami rijiyar shiga ba. Bayan salla ya ajiye sandar kiwo, wadda dama ta fi ƙarfinsa tunda shanu ba sa tsayawa bakin ruwa don wani, ya je wajen maƙera ya sa aka ƙera masa dagi.

Kada a ce bai sani ba. Ya yi karatun allo daidai gwargwado, ya san an ɗauke wa marar lafiya azumi, ya san da ya je ya faɗa wa liman da magana ta ƙare a zaure. Ba Allah yake ɓoye wa ba; shi kansa yakan ji kamar a ƙasan rijiya ne kaɗai shi da Ubangijinsa suke fuska da fuska ba ƙarya. Baffa yake ɓoye wa, da goggon nan mai zancen randa. Sannan akwai wani abin da ko a ƙasan rijiyar bai yarda ya kalla ba: yabon yana masa daɗi. Maraya, wanda kiwo ya gagara, yau shi ne in ya wuce tsofaffi suke ɗaga hannu. Ya sha ruwan mutane a ɓoye, ya sha yabonsu a fili, kuma da za a tilasta masa ya bar ɗaya, Allah kaɗai ya san wanda zai fi yi masa wuya.

Abu ɗaya ke sukarsa. Kullum in rana ta faɗi, an kira salla, sai Baffa Buba ya ɗago daga kan buzunsa, bai dube shi ba, ya ce, “Barka da shan ruwa, Manu.” Gaisuwar buɗa-baki ce, kowa yana yi wa kowa. Manu ya amsa da kai a ƙasa, ya ɗauki ƙoƙonsa ya zagaya bayan rumbu, ya juya baya ya sha. Kalmomin nan huɗu sukan kwana a ƙirjinsa.

Hajjo ta san bai warke ba. Mace ba ta rasa sanin nawa mijinta yake fita. Randa biyu take cika masa a ƙofar ɗaki, ta rufe da faifai, ba ta taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa godiya ba, don godiyar za ta zama magana. Zancen rijiya kuwa ya tabbata ba ta sani ba.

Shekaru suka riƙa wucewa ta bakin rijiya kamar gajimare. Ya haƙa sababbi a Wurno, ya gyara tsofaffi a Gwaram. Harshensa ya san ruwan ƙasar nan kamar yadda makiyayi ya san shanunsa: wannan mai zartsi ne, wannan ya bi ta saiwar gawo, wannan zai ƙafe kafin watan bakwai. Ranar da aka sami mulkin kai yana gaba takwas cikin ƙasa. Maikuɗi ya leƙo yana haki, an raba wa 'yan makaranta tuta, ana ta kiɗa a ƙofar dagaci.

“Ɗan Fillo! Turawa sun ba mu ƙasarmu!”

“Ga wata ƙasar nan cike da guga. Ja.”

Shekara biyu bayan haka Baffa Buba ya rasu. Manu ne ya haƙa kabarin, ya gyara shi sumul kamar mai jiran a yaba. Ana zuba ƙasa yana tunanin ya tsira, mutumin ya tafi bai sani ba. Sai kuma ya ji tsirar tana da ɗaci.

Rijiya ce ta tona shi, ko kuwa a ce ita ta kai shi inda za a tona. A Kiyako bango ya zubo masa, ƙafa ta karye, aka ɗora shi a motar gyaɗa zuwa asibiti a Birnin Kudu. Mai karaya ba ya zagayawa bayan rumbu. Kwana biyu kacal malamin asibitin da ke kula da ɗakinsu, wani siriri mai tabarau, Malam Dabo, ya zo ya zauna bakin gadonsa.

“Malam Manu, tsakani da Allah, butar maƙwabcinka ina ruwanta?”

“Ƙila yoyo take.”

“Da ta wancan? Da ta mai gadi? Duk butocin ɗakin nan sun fara yoyo ranar da aka kawo ka.”

Aka tara fitsarinsa a kwalabe, aka jera a ƙarƙashin gado har suka fi ƙarfin wurin. Aka auna, ba sukari. Ko kiyashi bai kula shi ba. Likita ya zo ya shafa tsohon tabon da ke ƙeyarsa, ya yi tambaya, Malam Dabo ya fassara. A karon farko cikin shekara goma sha uku Manu ya ba da labarin bijimin har ƙarshe.

Malam Dabo ya yi masa bayani da yatsa a tsakiyar goshi. A can ciki, ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, akwai wani ɗan ƙululu da bai fi ƙwayar wake ba. Shi ke aika wa ƙoda saƙo ta riƙe ruwa. Nasa ya yi shiru tun ranar da ya bugu da dutse. Ba ya warkewa. Amma akwai saƙon aro: ana cirowa daga irin wannan ƙululu na shanu, a jiƙa cikin man gyaɗa, a rufe a 'yar kwalba, a yi allura duk bayan kwana uku.

Maikuɗi, da ya zo dubiya da rake, ya yi dariya har ya riƙe gado. “Bijimi ya yi ɓarna, 'yan'uwansa na biyan diyya! Kuma da man gyaɗarmu, mu talakawa. Ɗan Fillo, ko a magani sai kun hau kanmu.”

Manu ya ce masa allurar ƙafa ce. Maikuɗi ya ce to, ai ya ji, ta ƙafa ce, ya ci gaba da ɓare rake.

Maganin yana da ɗabi'a. A gindin kwalbar akwai wani ɗigo ƙasa-ƙasa, kamar kashin ƙuda, kuma shi ne maganin. Sauran duk mai ne. Sai an ɗumama ta, an girgiza, an girgiza, har ɗigon ya narke ya ɓace. In aka yi gaggawa, man gyaɗa kawai aka tsira wa mutum. Malam Dabo ya sa shi ya saka kwalbar a hammata ya zauna kamar kaza kan ƙwai.

Ranar allurar farko, bayan la'asar, Manu ya ji wani abu ya tsaya. Kamar mutumin da aka haifa kusa da injin niƙa, rannan aka kashe injin. Ya dubi buta, buta ce kawai. Ya kwanta, kogin mai doguwar riga bai zo ba. Da safe ya farka ya ji gadon ya yi masa faɗi. Ya ɗauki ƙwarya ya shanye don sabo, kansa ya sara, ya yi amai. Malam Dabo ya ce yanzu kuma sai ya koyi ƙin sha, don jikin ya daina zama hanya, ya zama tulu. Da aka sallame shi ya bi ta gindin duwatsun Birnin Kudu, inda mutanen farko suka zana shanu jikin dutse. Ya daɗe tsaye a gabansu da sandarsa. Shanu ne da ba su sha ruwa ba tun kafin kakan kakansa, kuma ga su nan, ba abin da ya dame su. Ya ji ya zama ɗaya daga cikinsu, bai kuma san ko murna zai yi ba.

Hajjo ce ta koyi allurar, a jikin ɗanyar gwanda. Takan dafa sirinji a ƙaramar tukunya, shi yana ɗumama kwalba, ta karɓa ta ɗaga ta a hasken ƙofa ta ce, “Malam, da saura, ƙara girgizawa.” Wannan ce maganar da ta fi kusa da ciwon da suka taɓa yi. Duk wata yakan hau keke ya je Birnin Kudu ya karɓo kwali guda. Gari ya san ta da allurar ƙafa.

A shekarar ya yi azuminsa na fari tun ranar bijimi, talatin cur, yana da shekara talatin da uku. Ba wanda zai gaya wa. A filin idi hawaye ya zubo masa, mutane suka ce Allah sarki, ya tuna Baffa. Ba su yi kuskure ba.

Wani abu kuma ya faru da bai tsaya ya duba ba: guga ya daina faɗawa rijiya da azumi. Ya ce igiyoyin yanzu ne, na roba, ba sa tsinkewa.

Shekara goma sha ɗaya aka yi haka. Motoci suka koma bin hannun dama, aka yi fari shanu suka mutu, kuɗin man fetur ya fara isowa ƙauye da kwanon rufi da rediyo. Manu ya yi furfura, ƙafar ta hana shi shiga rijiya, ya zama mai nuna inda za a haƙa. Sai shekarar da jiragen siminti suka toshe tashar ruwa ta Ikko. Ya je Birnin Kudu, Malam Dabo ya cire tabarau ya goge.

“Maganinka yana kan teku, Malam Manu. An ce jiragen sun fi ɗari, kowa na jiran layi.”

“Har yaushe?”

“Wallahi ko likita bai sani ba. Ka sha ruwa. Kada ka yi wasa, kada ka ce za ka yi azumi. Wannan karon jikinka ya manta wahala.”

Kwalbar ƙarshe ta ƙare ran uku ga azumi. Ran shida kogin ya dawo masa cikin barci, bai ko tsufa ba. Ƙarshen damina ne, rijiyoyi cike har wuya, ba mai neman yasa. Amma yanzu gidansa nasa ne, na ƙasa, mai ƙofa. Yakan shige ɗaki ya sha. Da haka zai lallaɓa, ba don masu injin haƙa burtsatse da gwamnati ta turo Farin Dutse ba. Shi ya nuna musu wuri. Ranar da aka ce za a cimma ruwa dagaci ya aiko: an ajiye masa kujera a gaba, gari duka zai fito.

“Malam, ka ce ba ka jin daɗi,” in ji Hajjo.

“Sai su ce me ya same ni.”

“Sai ka gaya musu.”

Ya dube ta kamar ta yi wani yare. Ta miƙa masa ƙwarya. Ya sha uku ya sa hula.

Injin yana ta ruri tun hantsi. Manu yana kan kujera, yana tashi yana zagayawa bayan geza yana dawowa, kowane tashi yana rage shi. Ya dubi ramin da ƙarfen ke shiga: faɗinsa bai fi bakin turmi ba. Rijiyar da mutum ba ya shiga. Da azahar ta gota sai sararin sama ya fara tsukewa ta gefe-gefe, yana tsukewa har ya koma faifai. Mutane suka yi sama suka bar shi. Ya ga shanun jikin dutse sun sauko a jere, jajaye, ba ƙarar kofato, suna ratsa taron. A bayansu Baffa Buba, da guntuwar igiya a hannu, kai a sunkuye.

Ihu ne ya dawo da shi. Ruwa ya ɓalle, ya tashi sama fari fat, yana zubo wa mutane a ka. Maikuɗi, wanda shi ma ya yi furfura, ya tari ruwan a ƙwarya ya taho yana ɗaga murya.

“A dakata da murna! Mai Rijiya bai ɗanɗana ba. Liman, ɗanɗano ba ya karya azumi in an tofar, ko?”

“In dai bai wuce maƙogwaro ba,” in ji liman.

Maikuɗi ya sunkuyo, ya baza babbar rigarsa, ya yi ƙasa da murya. “Juya baya, Ɗan Fillo. Zan kare ka. Shanye duka, ni zan yi tofin.”

Manu ya karɓi ƙwaryar. Ruwan yana rawa, fuskar Maikuɗi tana rawa a ciki. Ga wata rijiyar ɓuya an sake haƙa masa, wannan karon da riga. Ya daɗe yana kallon mutumin nan da ya riƙe masa igiya shekara goma sha biyu, wanda bai taɓa jawo shi da wuri ba ko sau ɗaya, wanda kullum sai ya bari an ɗan jima kafin ya leƙo ya yi tsokana.

“Matsa, bawana,” ya ce. “Kana tare min mutane.”

Ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Bai juya baya ba. Ya yi bisimilla a bayyane, ya kafa kai, wuyansa yana hawa yana sauka a gaban dagaci da liman da 'ya'yan Baffa da matan gari. Da ya sauke ƙwaryar ba ko ɗigo.

“Ba na azumi,” ya ce.  “Ciwo gare ni tun ranar bijimi, ban taɓa warkewa ba. Allurar nan ba ta ƙafa ba ce. Duk rijiyar da na shiga muku da azumi, sha na je yi. Ku janye albarkar da kuka sa min.”

An kashe injin. Ba a jin komai sai zubar ruwa. Sai wata dariya ta tashi daga ɓangaren mata, ta tsohuwa marar haƙori. Barira ce, wadda guganta ne na biyu a faɗawa.

“Kai, Manu! Kai da ka san rijiya haka, ba ka san tana da baki ba? Ko tsakuwa ka jefa ana ji a sama. Ƙwat, ƙwat, ƙwat, kamar raƙumi! Har yara muke kora kada su yi dariya.”

“Goggo...”

“Ni da hannuna na saki gugana. Buba ne ya ce, Barira, gobe ke. Shi nasa da wuƙa ya yanke. Ƙugiyar gari kuwa a rumbunsa take kwana duk azumi, tambayi matarka, ita ke kai ta.”

Ya nemi Hajjo cikin mata. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana kallon ƙasa.

“Me ya hana ku gaya min?”

“Kai ka gaya mana?” in ji Barira. “Buba ya ce in aka nuna maka an sani, daji za ka shiga don kunya, a tsinci gawarka.”

“Kuma a faɗi gaskiya, tunda yau ranarta ce,” in ji Maikuɗi. “Tausayi akwai shi. Amma rijiyoyin garin nan ba su taɓa yin tsabta irin ta lokacin ba, kuma ba mai ba da ko goro. Har daga Kiyako ake zuwa kama layi. Da aka fara maka allurar nan wasu sai da suka yi jimami.”

Aka yi dariya, har liman. Manu bai yi ba. Ya tuna bangon da ya zubo masa, da macijin da ya taɓa tararwa a ƙasan wata rijiya, da dare nawa ya kwana yana jin shi ɓarawo ne. Ya so ya yi fushi, ya rasa wanda zai yi da shi. Sai ya ji muryar nan daga kan buzu, ƙasa-ƙasa, mai ita ba ya ɗago ido: kalmomi huɗu, kowace yamma, shekara tara. Ashe ba magariba Baffa yake nufi ba. Ko kuwa duka biyun yake nufi. Ba sauran mai tambaya.

“To, Mai Rijiya,” in ji dagaci, “yaya ruwan?”

Manu ya motsa harshe a baki.

“Ba zartsi, ranka ya daɗe. Zai daɗe bai ƙafe ba. Sai dai ruwa ne da bai taɓa ganin sama ba, bai san kowa ba tukuna.”

Rana tana nan da sauranta, inuwar mutum ba ta fi tsayinsa ba. Maikuɗi ya tsuguna a gabansa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya cire hula.

“Barka da shan ruwa, Manu.”

Manu ya dube shi, ya dubi mutane, ya ɗaga kai ya ga sama ta buɗe har iyakar ido.

“Barka kadai,” ya ce, ya miƙa masa ƙwaryar. “Ƙaro.”